Shagon kayan lakwal na kusa da Kasuwar Dole, a idon mai ƙawata aji

Malamai ƴan'uwana sun sha tambayata inda nake samo kayan adon ajina. Wani ɗan shago ne dab da Kasuwar Dole, na wani Alhaji mai sayar da kaye, alli, biro da littattafai, da injin fotokopi a can ƙurya. Ba zan kama suna ba, tunda bakina akwai yabo akwai ƙorafi, kuma duk wanda ke koyarwa a Damagaram zai gane wurin.

Ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, nake riƙe da shi, yara sun haura saba'in, bangon siminti ne, tagogin ƙarfe ne waɗanda ba sa rufuwa da kyau. Duk abin da zan liƙa sai ya iya da ƙurar hunturu, zafin bazara da yatsun yara. Da wannan ma'auni nake auna kayan Alhaji.

Takarda mai kauri ta launi-launi, wadda muke kira biristol, ba ni da abin cewa a kanta. Dala 40, wato sefa 200, yake ba da falle ɗaya, in ka ɗauki goma ya yi maka ragi ba sai ka roƙa ba. Ja da kore suna riƙe launinsu har ƙarshen shekara, shuɗiyar ce kawai ke koɗewa in tana fuskantar taga. Alƙalumansa na maka kuwa sai an yi hattara, wasu sun daɗe a kan kanta har sun bushe. Ku ce a gwada muku a gabanku, ba ya jin haushi.

Inda muka saɓa da shi shi ne manyan hotunan bango da yake sarowa daga Kano. Suna da sheƙi, ga arha, shi ya sa sabbin malamai ke rububinsu a watan Oktoba. Amma ku tsaya ku karanta kafin ku biya. Na haruffa da Ingilishi suke, ɗan CI, wato aji ɗaya, da ke fama da haruffan Faransanci ba abin da za su ƙara masa sai ruɗu. Taswirar da ya miƙo mini ta Najeriya ce da jihohinta 36, alhali ni jihohinmu 8 nake so yara su haddace, daga Agadas har Difa. Akwai wani kuma na lokutan shekara, wannan da Faransanci yake, amma yanayin Turai ne a jiki: itace mai jan ganye, yaro cikin rigar sanyi yana wasa da ƙanƙara. Wata maƙwabciyar ajina ta saya ta liƙa, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Madam, wannan farin audugar ce ko gishiri?” Na ce wa Alhaji ya daina ɗauko shi. Ya yi dariya ya ce, “Madam, ai shi ya fi tafiya.” Jadawalin sau kaɗai na ɗauka a cikinsu, shi kam ko'ina ɗaya ne.

Abin da ke mayar da ni shagon ba ya rataye a bango. Ɗan ƙanen Alhaji ne, wani saurayi mai zama gaban kwamfuta, wanda in ka faɗa masa abin da kake so zai tsara ya buga maka. Na ce masa ina son lokutanmu huɗu, kaka, hunturu, bazara da damina, kowanne a falle guda. Na kaka ya sa dammunan gero a jingine da rumbu, da mace tana sussuka. Na hunturu ya sa yara sun kewaye wuta da sassafe, sama ta yi fari da hazo. Da muka zo kan bazara ya tambaye ni me zai sa, na ce ƙanena, kai ba ɗan garin nan ba ne? Sai ga shi ya kawo layin jarkoki masu ruwan ɗorawa a bakin famfo, da ɗan ga-ruwa yana tura kura. Ranar da na liƙa shi ban yi wani dogon bayani ba, kowane yaro yana da labarin da zai bayar a kai, har da waɗanda ba sa buɗe baki a aji. Jika ɗaya da rabi ya karɓa kan kowane falle mai launi.

Na kuma sa shi ya je Birni, tsohuwar unguwar garin nan, ya ɗauko mini hoton ƙofar fadar Sarkin Damagaram da na wani tsohon gida mai zane a fuska. A ƙasa muka rubuta cewa Zinder, wato Damagaram, ita ce babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Wannan ba na cire shi duk shekara.

Sai dai yaron ba ya cika alkawarin lokaci. In ya ce gobe, ku lissafa jibi ko gata, kuma kullum wuta ce aka ɗauke. Kayan bikin 18 ga Disamba, ranar da aka kafa jamhuriya a 1958, sai ana saura kwana ɗaya na same su, ga shi ruwan lemon tutar ya fito ja wur saboda tawada ta kusa ƙarewa. Ya sake bugawa bai karɓi ko dala ba, wannan na yaba masa. Mai son abu na wata rana ta musamman ya kai aikinsa da mako biyu a hannu, kuma kada ya je ranar Alhamis, cinkoson kasuwa ba zai bar kowa ya saurare shi ba.

Maganar liƙawa ita ce Alhaji bai taɓa yi wa kowa bayani ba, ita ce kuwa ke cinye kuɗin malami. Salatif ɗinsa yana riƙewa lafiya lau daga Oktoba zuwa Fabrairu. Da zafin Afrilu ya shigo, gam ɗin jikinsa ya narke, sai ka zo da safe ka tarar da hotuna a ƙasa yara sun tattake. Ƙullun rogo da wasu ke dafawa yana kamawa sosai, amma gayyatar gara ce. Abin da ya yi mini aiki shi ne ƙusoshin siminti guda biyu da igiya a tsakani, sai a rataye hotunan da abin maƙale shanya. Lokaci ya juya, ka sauke na kaka ka ɗora na hunturu, bango bai ɓaci ba. Igiyar da ƙusoshin a cikin kasuwa na saye su, shagon ba ya ajiyewa, kuma ya kamata ya fara.

Rufe takarda da leda, dala 100 kan ƙaramin falle, ya yi mini tsada da farko, tunda daga aljihuna yake fita, ba daga asusun lakwal ba. Amma wanda aka rufe, tsumma mai ɗan ruwa ya ishe shi bayan hazo, wanda ba a rufe ba kuwa shekara ɗaya ce ransa. Na rufe na lokutan shekara da na fada, sauran na bar su haka.

Bayan girbi, lokacin da kara ya wadata, yara kan ƙera motoci, tabarau da jiragen sama na kara kamar yadda ake yi a wasan kara, mu jera su a kan tebur a bayan aji. Nan abin da na saya wurin Alhaji bai wuce zare da ƴar robar fenti biyu ba, ja da kore. Fentin na ruwa ne, yana fita daga rigar yaro da wanki ɗaya, don haka babu uwar da ta biyo ni lakwal da faɗa.