Hayar jirgin ruwa a Abhur da yawon tsohon garin Jidda

Mai zuwa Jidda daga Makka, ko baƙon da ya gama umara yana jiran ranar tashi, sau da yawa yana zaton in ya hau jirgin shaƙatawa a Abhur zai ga garin duka daga kan ruwa. Ba haka abin yake ba. Abhur wani siririn reshe ne na Bahar Maliya da ya kutsa cikin tudu na tsawon kusan kilomita 10, a arewacin gari, kimanin kilomita 30 daga tsohuwar Jidda. Jirgin da aka yi haya na awa ɗaya a cikin wannan reshe yake kai da komowa. Maɓulɓular Sarki Fahad da tashar manyan jiragen ruwa da unguwar Balad, wato tsohon garin Jidda, duk suna can kudu, ba ya kusantar su.

In an san wannan tun farko, awa ɗayan ta cancanci kuɗinta, musamman ga mai iyali. Ruwan cikin reshen a kwance yake don gaɓa ta tare shi dama da hagu, tsofaffi da yara suna zama lafiya. Abin gani shi ne gidajen hutu da matsayar jirage a gaɓoɓin biyu, da jiragen sama masu saukowa filin Sarki Abdul'aziz da ke kusa, sai Hasumiyar Jidda da ke arewa da reshen, wadda aka fara a 2013 da niyyar ta haura mita 1,000, aikin ya tsaya a 2018, daga baya aka ci gaba. Aibin wurin shi ne yawancin gaɓar ta masu gidajen hutu ce, katanga ce da shinge. Wanda yake neman faffaɗan yashi da ba kowa ba zai same shi nan ba.

Da awa ake haya, kuma kuɗin jirgin ake biya gaba ɗaya, ba na kowane kai ba, sai dai a manyan jiragen da ake haɗa fasinja. Rigimar da aka fi yi da matuƙa daga rashin magana ne kafin a hau. A tambaya: yaushe awar take fara ƙirguwa, daga zuwanku ko daga kwance igiya? Kuɗin mai yana ciki? Zai kai bakin teku ko zai juya a tsakiya? Kowane jirgi yana da adadin mutanen da takardarsa ta yarda ya ɗauka, kuma yaro ma kai ne. Iyali mai mutum goma sha biyu da suka dage sai sun shiga jirgin mutum takwas kansu suke cuta, matuƙin da ya yarda da haka kuwa a bar shi a nemi wani.

Rigar ceto ita ce inda masu haya da yawa suke da sakaci. Za a nuna maka tuli a ƙarƙashin kujera, duk na manya. Rigar babba a jikin ɗan shekara huɗu ba ta da amfani, yana faɗawa ruwa za ta zame ta sama ta bar shi. A sa wa yaro tun ana kan tudu, a ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ja sama. In ta taɓo kunnuwansa ta yi masa yawa. Mata su tattare abaya da mayafi, iska tana jan su zuwa baya inda injin yake. Wurin zama mafi daɗi tsakiyar jirgi ne, gaba yana dukan ruwa, baya kuma hayaƙin mai ne.

Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Iskar gaɓar Jidda daga arewa maso yamma ta fi busowa, kuma tana ƙara ƙarfi bayan azahar. Da hantsi ruwa ya fi kwanciya, amma rana tana duka, gishirin Bahar Maliya kuma yana da yawa, feshinsa yana bushewa a fata yana sa ƙaiƙayi. Bayan la'asar an fi samun sanyi, sai dai ranakun Juma'a da Asabar reshen yana cika da baburan ruwa, kowanne yana tayar da igiyar da ke girgiza ƙananan jirage. Mai iya zuwa tsakiyar mako tsakanin Nuwamba da Maris shi ya more. A lissafa yadda za a sauka kafin magariba.

Fita teku sosai, kamar zuwa Bayada inda ruwa yake garau a kan duwatsun murjani, wani sha'ani ne daban, yana cin rabin yini. Sai an rubuta sunayen fasinja an miƙa wa jami'an tsaron iyaka, don haka kowa ya riƙe iƙamarsa ko fasfonsa. In iska ta yi yawa ana hana fita, shi ya sa ya kamata a san makomar kuɗin kafin alƙalami kafin a biya. Da an wuce bakin reshen jirgi yake fara tsalle. Mai saurin jiri ya sha maganinsa kamar awa guda kafin a tashi, kada ya cika ciki da maiƙo, ya riƙa kallon nesa maimakon waya. Kada a taka murjani, yana yanka kamar reza, kuma ciwonsa yana jinkirin warkewa.

Garin kansa da ƙafa ake ganinsa. Daga Abhur zuwa Balad da yammacin ƙarshen mako tafiyar kan kai awa guda saboda cunkoso, gara a ware masa yammaci nasa. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan Jidda take tashar Makka, kuma ta nan kakanninmu da suka ratso Sudan suka tsallako daga Sawakin suke sauka. An rushe ganuwar garin a 1947, amma gidajen suna nan: hawa uku, huɗu, har fiye, an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa a gaɓa, an jera katako a tsakanin bango don ya raba nauyi, ga tagogin katako masu sassaƙa da suka turo kan hanya, iska tana shiga, na waje ba ya ganin na ciki. UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

A fara daga Ƙofar Makka a bi Kasuwar Alawi zuwa Gidan Nasif, wanda aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. Daga nan a shiga lunguna zuwa Masallacin Shafi'i a yi salla. Awa biyu sun isa in ba a tsaya ciniki ba. Zuwa da tsakar rana asara ce, shaguna a rufe suke sai bayan la'asar. Ana ta gyaran gidaje, wasu za a tarar an kewaye su da shinge. A bar mota a waje, lungunan ba na mota ba ne.

Maɓulɓular kuwa kyauta ake kallonta daga gaɓar unguwar Hamra, 'yar tafiya kaɗan a mota daga Balad. Tun 1985 take cilla ruwan teku sama da mita 250, kuma da dare ta fi kyau, lokacin da aka haska ta. Akan kashe ta don gyara ko in iska ta tsananta, don haka a hango ta daga titi kafin a sha wahalar neman wurin ajiye mota.