Kocin da ba ya karɓar "lafiya lau"

Injin gudu da ƙarafa kusan iri ɗaya ne a kowane gidan motsa jiki. Abin da ya sa wannan kocin ya ci kuɗinsa, a tsarinsa na wata-wata mai zama uku a mako da bibiya ta WhatsApp, shi ne yadda yake tambaya.

A zaman farko ba a taɓa ƙarfe. Yana auna jini, nauyi da faɗin ƙugu, sannan ya shiga bincike: akwai ciwon suga? Gwiwa ko baya sun taɓa samun rauni? Wane magani ake sha, ƙarfe nawa ake kwanciya? Idan awon jini ya yi ta nuna 140/90 ko sama, sai ya ce a fara ganin likita tukuna.

Inda ya fi burge ni, ya san halin mutanenmu. Saboda kara, ko gwiwa na zogi mutum zai ce "da sauƙi". Shi kuwa sai ya ce, "Alhaji, daga 1 zuwa 10, wahalar atisayen ta kai nawa?" Bakwai ko takwas ya yi daidai, tara sau biyu a jere, ya rage nauyin. A kan injin gudu da gangan yake jan ka da hira: in kana iya magana amma waƙa ta gagara, saurin ya dace, in kalma biyu sai ka tsaya jan numfashi, an wuce gona da iri. Yana kuma koya maka bambance tsamin jiki, wanda kan tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye ya tafi da kansa, da suka a cikin gaɓa, wadda ke nufin a dakata nan take. Wanda ba a faɗa wa wannan ba, ko ya gudu saboda tsami, ko ya dage har ya ji wa kansa ciwo.

Batun abinci, bai taɓa cewa a bar tuwo ba. Malmala nawa, cokali nawa na sukari a shayi, kwalbar lemo nawa a rana: daga nan ake rage ɗaya. Mai azumin Litinin da Alhamis ana mayar masa da zamansa bayan buɗa baki. Burin da ake sawa shi ne minti 150 na matsakaicin motsi a mako, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara.

Aibu akwai. Bayan la'asar wurin kan cika, hirar ta koma "ƙara biyar!" kawai, kuma a nan ne ake ɓata tsayuwar jiki wajen atisaye ba wanda ya lura. Yana kuma faɗin nauyin mutum da ƙarfi a gaban jama'a. Wannan ba daidai ba ne, domin wanda ya ji kunya gobe ba zai faɗi gaskiyar abin da ya ci ba. Saƙonninsa na murya suna da tsawo, ka nemi ya rubuta maka jadawalin. Ka kuma kama lokacin bayan asuba, ka roƙi a ware minti goma na ƙarshe don zama a yi magana.