Sharhi kan janareto mai kVA 2.5: ƙarfinsa, gyaransa da hatsarinsa

Wanda ya shiga layin masu sayar da injuna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko a kowane babban gari na Arewa, zai ga janareto iri ɗaya ya fi yawa: mai firam ɗin ƙarfe, tanki a sama, soket biyu a gefe, ana ce masa mai kVA 2.5, wato ma'aunin ƙarfin wutar da yake bayarwa. Sunayen da ke jikin tankin sun bambanta, Sumec Firman, Elepaq, Lutian, Tiger da sauransu, amma akasarinsu injin iri ɗaya ne a ciki. Shi ne 168F mai cc 196, wanda ake rubuta wa 6.5HP, an kwaikwayo shi daga injin Honda GX200. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa muke ba da shawarar a saye shi. Babu bakaniken janareto da bai san cikinsa ba, kuma fulogi, kafireto, ringi, igiyar tayarwa da AVR (na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta) duk ana samunsu a araha har a kasuwar ƙauye. Injin da ba a sha wahalar kayan gyaransa ya fi mai tsada wanda sai an yi odar kusa ɗaya daga Legas.

Abin da bai yi mana daɗi ba tun daga kan kwali shi ne lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin tanki. In ka ga 3000 ko 3800, sunan samfuri ne, ba ƙarfin wuta ba. Ƙarfin gaskiya yana kan ƙaramar takardar da aka manna a gefen injin ko jikin kwayil, kuma lambobi biyu ne: wanda zai iya ɗauka na sa'o'i, da wanda zai iya jurewa na 'yan daƙiƙoƙi. Da na farkon ake lissafi. Mai shago kuwa na biyun zai faɗa maka. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, injin da iska ce kawai ke sanyaya shi ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, don haka kada a ɗora masa fiye da wat 2000 in ana so ya yi ƙarko.

Wat 2000 ba kaɗan ba ne ga gida. Fankar sama tana cin kamar wat 75, ƙwan LED wat 10, talabijin ta zamani ƙasa da wat 100, firji wat 150 zuwa 200. Fanka huɗu, ƙwai goma, talabijin da firiza ba su kai rabin ƙarfinsa ba. Matsalar tana wurin kayan zafi da kayan da ke da mota a ciki. Dutsen guga shi kaɗai wat 1000 ne ko fiye, butar dafa ruwa 1500 zuwa 2000. Firiza da injin jan ruwa kuma, a lokacin tashi suna fizgar ninki uku na abin da suke ci in sun daidaita, wani lokaci fiye. Shi ya sa za ka ji injin ya durƙusa, ƙwai sun dushe, sa'ad da firiza ta kama. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya yana iya tayar da ita in babu wani kaya mai nauyi a kai, amma haɗa ta da guga ko samo (injin jan ruwa na rijiyar burtsatse), neman ƙona kwayil ne.

Tankin yawancinsu lita 15 ne. A rabin kaya yana shan kusan lita ɗaya a awa, ya ƙaru in an cika masa nauyi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi ya fi kuɗin sayen injin muhimmanci. Mai aski ko mai cajin waya da ba ya wuce wat 400 asara zai yi da wannan janareto, domin ko babu kaya a kai yana shan mai. Ga gida mai firiza, shagon ɗinki, kemis ko masallacin unguwa, girmansa daidai ne.

Tayar da shi ba wuya in an bi tsari. A ajiye shi a wuri mai daidai, a duba man juye, a tabbatar bireka tana kashe, a buɗe famfon fetur, a rufe cok, a kunna makunni. A ja igiya a hankali har a ji ta cije, sannan a fizga, kuma a raka ta da hannu ta koma, kada a sake ta ta bugi murfi. In ya tashi a buɗe cok, a bar shi minti biyu ko uku, sannan a ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi a farko. Wurin kashewa ne aka fi yin ganganci. A fara sauke kaya, a bar shi ya huce minti biyu, sannan a kashe a rufe famfo. Janareton da ake bari mai ya ƙare masa da kaya a kai, wutarsa tana hawa da sauka kafin ya mutu, kuma a nan ne AVR da kayan gida ke lalacewa.

Man juye shi ne ran wannan injin, kuma ɗan kaɗan yake ɗauka, lita 0.6 kacal. Ba shi da matatar mai irin ta mota, ba shi da famfon da ke tura mai. Wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fistin ke watsa man a ciki. Duk dattin da ya shiga yana nan yana zagayawa har sai an juye. Sabo yana zuwa babu mai ko kaɗan, sai an zuba. Juyen farko bayan awa 20 ne, saboda ɓurɓushin ƙarfen da sabon injin ke zubarwa. Bayan nan littafin irin wannan injin yana cewa awa 100, amma da zafinmu da ƙurarmu awa 50 ya fi. Wanda ke kunnawa awa huɗu kowane dare, kusan duk mako biyu ke nan. A juye injin yana da ɗumi, a cika har bakin ramin, a auna da sandar ba tare da an murɗa ta ciki ba. Littafi yana ambatar 10W-30. A yanayinmu 15W-40 ko 20W-50 na gwangwani a rufe suna aiki lafiya. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba wanda ya san asalinsa.

Akwai wata na'ura a cikin injin da ke kashe shi idan mai ya yi ƙasa. Tana daga cikin abubuwan da suka fi burge mu a wannan janareto, kuma ita ce aka fi yi wa ta'adi. In injin ya riƙa mutuwa, wasu masu gyara sai su cire wayarta kawai, injin ya tashi, mai shi ya yi murna. Wata ɗaya ko biyu sai injin ya buga, a koma sayen sandar fistin da karanshaf. In na'urar ce ta lalace, a sauya ta. In ba ita ba ce, mai ne ya ragu ko kuma an jingine injin a karkace.

Matatar iska soso ce a cikin baƙin akwati a gefen kafireto. Da hunturu a buɗe ta kowane mako: a wanke da ruwan sabulu, a shanya ta bushe sarai, a ɗiga mata man juye kaɗan, a matse abin da ya yi yawa. Soso busasshe ba ya kama ƙura mai laushi, wanda aka jiƙe da mai kuma yana shaƙe injin ya riƙa baƙin hayaƙi. Injin da aka bari babu soso, ƙura ce ke cin ringi da silinda, ya fara shan mai yana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Fulogin F7TC ne ko makamancinsa, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. In ka ciro shi ka ga launin ƙasa-ƙasa, ƙonewa daidai take. Baƙi mai toka yana nufin fetur ya yi yawa ko iska ta toshe, baƙi mai maiƙo kuma ringi ne.

Kafireto ne raunin injin. Ramin da fetur ke bi siriri ne kamar allura, ɗan datti ko ɗigon ruwa ya isa ya toshe shi. Alamarsa, injin ya riƙa hawa yana sauka, ko ya ƙi zama sai cok yana rabin rufe. Fetur ɗin 'yan bumburutu da tsohuwar jarka su ne kan gaba wajen jawo wannan, sai man da aka bari ya kwana watanni a ciki ya zama danƙo. A ƙasan kofin kafireto akwai ƙusa ta tsiyaye mai. In za a ajiye injin fiye da wata ɗaya, a rufe famfo a kwance ta. Barin famfo a buɗe yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: in allurar kofin tana yoyo, fetur zai silale ya gauraya da man juye. In ka ga mai ya ƙaru da kansa yana warin fetur, a juye nan take.

In igiya ta yi tauri tana fizge hannu, yawanci tazarar bawul ce ta buɗe. Ana saita ta injin yana sanyi, milimita 0.15 ga na shiga, 0.20 ga na fita. In injin yana aiki lafiya amma babu wuta, a fara da bireka, sannan burushi, sannan AVR, kafin a yarda a ce kwayil ne. Kuma kada a bari kowa ya rage gudun injin da sunan tsimin mai. Dole ya yi juyi 3000 a minti kafin ya ba da Hz 50, wato saurin bugun wutar da kayan gida ke buƙata, in ya gaza haka firiza da fanka ne ke ɗaukar zafi.

Yanzu ga inda muka fi jin takaicin wannan janareto. Irin waɗanda suka cika kasuwarmu ba su da na'urar da ke kashe injin in hayaƙi ya taru. Salansarsa tana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ya zaci zazzaɓi ne. Mai barci ba ya jin komai. Tsoron ɓarawo ne ke sa mutane su shigar da injin zaure, kicin, ƙarƙashin bene ko shagon da ake kwana a ciki, kuma buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa. Wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da ɗaki, naka da na maƙwabci. A gidan da tsakar gida ta yi ƙanƙanta ko aka rufe samanta da kwano, ita ma ɗaki ce. Maganin ɓarawo kejin ƙarfe ne da sarƙa, mai rufi saboda ruwan sama, gefunansa a buɗe. A sayi na'urar ƙararrawar hayaƙi mai batir a rataye kusa da ɗakin kwana. In mutum biyu ko uku a gida suka kamu da ciwon kai lokaci ɗaya injin yana aiki, a fitar da kowa waje, a kashe shi, a tafi asibiti a faɗa musu hayaƙin janareto ne. Manja da madara ba sa cire wannan guba, iskar oksijin ake sa wa mutum.

Fetur kuma ba a ƙara shi injin yana aiki. A kashe, a jira salansa ta huce, a tsaya a jan zoben da ke cikin matatar bakin tanki, kuma ba a leƙa tanki da ashana ko kyandir. Wajen haɗa shi da gida, sai da makullin sauya layi wanda ke raba wutar NEPA da ta janareto gaba ɗaya, kuma mai wayarin ne zai ɗaura shi. Waya mai fulogi biyu da ake cusawa a soket tana mayar da wuta kan layi ta taransifoma, tana iya kashe ma'aikacin da ke kan turke, kuma da zarar an kawo wuta kwayil ya tafi. Cikakken kaya yana jan kusan amfiya 11, saboda haka wayar jan ƙarfe mai kauri 2.5mm² ake so, a kuma ɗaure ƙusar ƙasa ta jikin firam da sandar da aka kafa a ƙasa.

Yana da ƙara, babu batun ɓoye wannan, kuma wutarsa ba ta kai ta janareto mai inbata tsafta ba. Mai makulli da batir yana da daɗi ga tsofaffi da mata, sai dai batirin yana mutuwa in an daɗe ba a kunna ba. Mai igiya kawai ya fi ƙarancin rigima. Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya zuba mai ya tayar da shi a gabanka. A jona dutsen guga a ga ko zai ɗauka ba tare da ya shaƙe ba, a auna wuta ta tsaya tsakanin bolt 220 da 240, a tambaya kwayil ɗin jan ƙarfe ne ko alminiyam, domin na alminiyam ya fi saurin zafi kuma ya fi wuyar naɗi. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, da littafin, da sifanar fulogi da ke zuwa cikin kwali.