Hattara da masu tallar "dutsen gishirin gasa kifi" a Maradi

Salamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwa mata na gurup-gurup ɗin girki. Don Allah ku karanta har ƙarshe ku tura ma wasu.

Akwai wata da ke yawo da bidiyo a WhatsApp da Facebook, ana gasa kifi da jatan lande bisa wani falalen gishiri mai ruwan hoda, wai daga Pakistan take kawo shi, jikka 15 guda, a tura rabin kuɗi tukuna sannan ɗan kabu-kabu ya kawo har gida. Maƙwabciyata a nan Zariya ta tura, ƙanwar mijinta ma ta tura. Ita ƙanwar har yau ba kaya ba kuɗi, nimero a kashe. Ita ko maƙwabciyar tawa an kawo mata, kuma wallahi gara wadda ba a kawo ma ba.

Na riƙe abun da hannuna. Dutsen lasa ne na dabbobi, irin wanda ake rataya ma tumaki da shanu, an yanke shi gida biyu an goge, har gurbin ramin igiyar yana nan a gefe. Ta ɗora shi bisa gaz bai jima ba ya tsage ya fara zubar da gari, kifin Madarunfa da ta sa ya koma ja ga ɗaci. Allah ya sa ba ta ba yara ba, don irin wannan dutsen ana haɗa shi da sinadarai na kiwo, wasu ma har da ure, wannan dai na takin zamani. Abun da aka yi ma bisa ne ake ce ma uwa ta gasa ma 'ya'yanta abinci a kai, don Allah wane irin rashin imani ne wannan?

Shi na gaskiyar akwai shi, ba ƙarya ba ne. Daga ma'adinin Khewra ake haƙo shi a jihar Punjab ta Pakistan, dutse ne sukutum ba garin da aka matse da inji ba. In kika haska mashi fitilar waya daga baya za ki ga haske na ratsa shi, launin kuma jirwaye-jirwaye ne, wani wuri fari wani wuri ja. Na bogin haske ba ya wucewa, launinshi ɗaya tas, in kika goga tsumma mai lema sai ki ga ja ya biyo. Ko na gaskiyar ma ba a ɗora shi kan wuta mai ƙarfi kai tsaye, a hankali ake ƙara wuta kusan minti 45 kafin a sa kifi, kifin ma sai an tsane shi, kuma ba a jiƙa dutsen a ruwa ko a wanke da sabulu. Ita wannan mai tallar duk ba ta faɗi ko ɗaya, don ba ta san kan abun ba.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne cewa da take wai yana maganin tansiyo. Gishiri ne fa, Hajiya! Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi babba kar ya kai giram 5 a yini, to mai hawan jini ya ci kifin da ya sha gishiri haka ina aka dosa? Iyayenmu tsofaffi su ne za su fi yarda da wannan magana, ku ja masu kunne.

Kar wadda ta tura ko dala sai ta ga kaya ta juya shi ta haska. Wadda aka riga aka ci kuɗinta ta ajiye resin turawa da hoton hirarsu, mu da maƙwabciyata za mu kwamisariya ranar Litinin da safe, duk mai so ta yi min magana mu tafi tare.