chzdev: ya raba ni da kunna tef da hannu bayan kowane IPL

Duk mai kula da Linux a kan babbar kwamfuta ta IBM Z ya san wannan ciwon kan, ka kunna na'urar tef da chccwdev -e komai na tafiya lafiya lau, lstape na nuna ta, /dev/ntibm0 da /dev/rtibm0 sun fito, amma da zarar an sake IPL, wato sake tayar da injin, sai ka neme ta sama ko ƙasa ka rasa. Dalili kuwa chccwdev na ɗan lokaci ne, tsarin da ke gudana kawai yake taɓawa, ba ya ajiye komai.

To a nan chzdev na cikin s390-tools, wato kunshin kayan aikin Linux na IBM Z, ya burge ni gaskiya. Layi ɗaya tak, chzdev -e generic-ccw 0.0.0181 (0.0.0181 misali ne na lambar na'urar), ya kunna ta yanzu kuma ya rubuta dokar udev, wato tsarin da ke saita na'urori a Linux, a /etc/udev/rules.d da kansa yadda za ta tashi tare da injin. Abin da ya fi min daɗi ma shi ne cio_ignore, wato jerin na'urorin da aka ce wa kernel ya kau da kai daga gare su, da yawa matsalar a nan take, tef ɗin na nan daram amma an ɓoye ta tun wajen tashi, ka yi ta zargin direban tape_34xx ko tape_3590 alhali ba ruwansa. chzdev yana cire lambar daga jerin ba sai ka je kana taɓa zipl.conf, fayil ɗin saitin tashin injin, ba. In ka gama ka buga lszdev ka kalli ON (a kunne yanzu) da PERS (an ajiye dindindin), duka biyun su ce yes, shi kenan hankalinka ya kwanta.

Amma fa kar a ɗora masa abin da ba aikinsa ba. In Linux ɗinka a ƙarƙashin z/VM yake, wato tsarin IBM mai gudanar da injuna da yawa a kan kwamfuta ɗaya, kuma ATTACH kawai aka yi maka, wato an haɗa maka tef ɗin na ɗan lokaci, ranar da aka yi LOGOFF tef ya tafi, dokar udev za ta zauna tana jiran abin da babu. Sai an sa DEDICATE a cikin directory na z/VM, wato a keɓe maka tef ɗin dindindin. Haka tef ɗin SCSI da ke bi ta FCP, wato Fibre Channel, hanyarsa daban, ta direban zfcp ce, sunansa ma daban zai fito irin /dev/st0.

Wani abu kuma da ya kamata a yi tunani kafin a sa shi dindindin, direban na riƙe tef ɗin da zarar ya kunna shi, in kuna raba na'ura ɗaya da wani tsarin to kullum kai za ka riga su kamawa, masu bakof (adana kwafin bayanai) na dare ba za su ji daɗi ba. In haka ne ni dai na fi son a ƙara -a, wanda ke taɓa tsarin da ke gudana kawai, a kunna da chzdev -e -a lokacin buƙata a sake shi da chzdev -d -a in an gama. In kuwa naka ne kai kaɗai, sa shi dindindin kawai, ka gwada da IPL ɗaya da mt -f /dev/ntibm0 status kafin ka tashi.