Gwadabawa ko Ɗanfodiyo: amsa ga Hajiya kan karatun ɗiyarta

Hajiya, kin ce ɗiyarki ta gama sakandare da kiredit biyar na kimiyya, amma makinta na JAMB bai kai ta ga digirin gwaje-gwajen asibiti a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba. Ga shi kuma ta samu gurbi a kwalejin fasahar kiwon lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa. Ta tafi, ko ta zauna gida ta sake jarrabawa baɗi? Na ga 'yan uwa sun yi ta cewa jami'a ta fi. Haka ne, sai dai ban ga wanda ya tambaye ki wane kwas aka ba ta a Gwadabawan ba, kuma nan maganar take.

Mu fara da shekaru. Digirin lab a jami'a shekara 5 ne, sai shekara guda ta horon aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Ki ɗora shekarar zaman jira a kai, kin ga 8 ke nan kafin a fara maganar aiki na dindindin, in ba a shiga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata 8 ba. A kwaleji, kwas ɗin MLT, wato mataimakin masanin lab, shekara 3 ne. CHEW, wato ma'aikaciyar lafiyar al'umma, ma 3, JCHEW, matakin da ke ƙasa da shi, 2, mataimakin mai haɗa magunguna 3. Babu bautar ƙasa ga waɗannan. Da lasisi ya fito, sai neman aiki.

Bambancin da ya fi na shekaru nauyi shi ne inda kowace hanya ke tsayawa. Mai MLT ta iya aikinta sarai: ta soki yatsan yaro, ta shimfiɗa jinin a gilashi, ta bar shi ya sha iska, ta rina shi, ta ɗiga mai, ta duƙa kan madubin gwaji tana neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A babban asibitin ƙaramar hukuma sau da yawa ita ce ke riƙe da ɗakin gwajin tun safe har la'asar. To amma a ƙa'ida ƙarƙashin mai digiri take aiki, kuma ko ta shekara 20 tana yi, sabon yaron da ya zo da digiri yana gaba da ita a mataki da albashi. Wanda bai shirya wa wannan ba tun farko, ransa na ɓaci daga baya.

CHEW kuwa tsaninsa daban, kuma a ganina shi ne kwas ɗin da ƙaramar kwaleji ta fi ƙarfi a kai, domin ba kwafin wani karatun jami'a ba ne da aka rage wa tsawo. Daga JCHEW a hau CHEW, daga CHEW a tafi karatun CHO, wato jami'in lafiyar al'umma, a asibitin koyarwa, duk ƙarƙashin hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma. Jihar nan ta Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kuma manufar gwamnatin tarayya ita ce kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya matakin farko mai aiki. A mafi yawan waɗannan wurare babu likita, CHEW ce shugaba. Ita ke awon ciki, ita ke rigakafi, ita ke naɗa tef ɗin awo a damtsen yaro, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ta san tamowa ta yi tsanani. Tana da littafin umarni da ke gaya mata abin da za ta yi wa magani da wanda za ta tura gaba. Kuma ke ma kin san yadda ƙauyukanmu suke: magidanci da yawa ba ya barin namiji ya duba masa iyali, don haka mace mai wannan takarda ba ta rasa amfani.

Kada dai a yi miki daɗin baki cewa aiki na jiranta. Akwai masu CHEW da MLT da ke aikin sa-kai a asibitoci, wasu shekara da shekaru, suna jiran gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Sannan inda aka fi buƙatarsu shi ne inda mutane ke gudu, irin su Isa da Sabon Birni, saboda matsalar tsaro. Mai digiri ya fi samun ƙofa a manyan asibitocin cikin gari da na tarayya, kuma shi ne zai iya buɗe ɗakin gwaji nasa na kansa.

Wajen koyon aiki, Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa a gefenta, da injuna da cututtukan da ɗalibin ƙaramar makaranta zai daɗe bai gani ba. Kwaleji kuma tana saurin kai ɗalibi ga marar lafiya, ana tura shi ƙauye ya zauna da mutane tun yana aji ɗaya ko biyu. Kuɗin kashewa ya fi sauƙi, ko don ƙarancin shekarun. Gwadabawa kuma nan ce kan hanyar Illela, kina iya kai mata ziyara ki dawo a yini.

Akwai lissafin da nake so ki yi da alƙalami. In ta jira ta ci JAMB baɗi, 1 da 5, shekara 6 ke nan zuwa digiri. In ta yi MLT, sannan ta samu shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, 3 da 4, shekara 7. Tazarar shekara guda ce, kuma a hanya ta biyu tana riƙe da lasisi tun daga tsakiya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai dai guraben shiga kai tsaye kaɗan ne, ana kokawa a kansu, kuma sai sakamakonta ya yi kyau ƙwarai.

Shawarata, in makin da ya rage mata kaɗan ne kuma zuciyarta na kan lab, ta karɓi gurbin, ta sake JAMB tana can. In CHEW aka ba ta kuma ba ta ƙyamar zaman ƙauye, ta tafi kanta tsaye.

Kafin ki biya ko sisi, a nan ko a kowace makaranta, musamman masu zaman kansu da suka yawaita yanzu, ki nemi ganin takardar amincewar hukumar da ke kula da wannan kwas ɗin, ba ta makarantar gaba ɗaya ba. MLT na ƙarƙashin majalisar masana lab, haɗa magunguna na ƙarƙashin majalisar masana magunguna, duba-gari ma da tasa. Kowace tana ƙayyade adadin ɗaliban da za a ɗauka, kuma ɗalibin da ba a yi wa rajista da hukumar ba ba zai zauna jarrabawar lasisi ba. Ki tambayi 'yan aji uku ko an yi musu tasu rajistar, kuma a wane aji aka yi.