PDP-11 ko VAX: wacce za a saya domin dashen babbar manhaja?

Duk wanda yake son dasa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a kan ɗaya daga cikin matsakaitan injunan shekarun 1970 da 1980, abin da ya kamata ya fara bincika kafin ya fitar da kuɗinsa shi ne yadda injin yake sarrafa ƙwaƙwalwarsa, domin a nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe.

PDP-8 ta kamfanin DEC, wadda ta fito a 1965, tana da ban sha'awa, amma kalmarta bit 12 ce, kuma asalin ƙwaƙwalwarta kalmomi 4,096 ne kacal, saboda haka ba ta da wurin da babbar manhaja irin Unix za ta zauna. A bar ta ga masu tara kayan tarihi.

PDP-11, wadda ta fito a 1970, ita ce ta cancanci dogon nazari, domin sunan ɗaya ne amma injunan sun bambanta ƙwarai. Dukkansu bit 16 ne, wato kowane shiri ba ya ganin fiye da kilobait 64 a lokaci guda. Sai dai wasu, kamar 11/45, 11/70, 11/73 da 11/83, suna raba wurin umarni da wurin bayanai, ta yadda shiri zai samu 64 a nan da 64 a can, alhali 11/40 da 11/34 da 11/23 ba su da wannan damar. Bambancin ba ƙarami ba ne: Unix ta shida ta 1975 tana aiki a kan 11/40, amma 2.11BSD, wani nau'in Unix na baya-baya, ba ta tashi sai a injin da ke da rabon. Akwai kuma batun wuta da wuri. 11/70 tana cika manyan akwatunan ƙarfe masu tsayin mutum, tana shan wuta mai yawa, yayin da 11/73 take shiga ƙarƙashin tebur, a jona ta da soket na gida. A ganina ita ce zaɓin mai hankali.

Wanda kuwa burinsa manhaja ce ta zamani, VAX ta fi masa. VAX-11/780 ta 1977 bit 32 ce, tana da ƙwaƙwalwar aro mai shafuka (wato tana iya amfani da faifai a matsayin ƙarin ƙwaƙwalwa), kuma ƙaramarta, MicroVAX II ta 1985, ta fi sauƙin ajiyewa. Har yanzu NetBSD, wata babbar manhaja daga dangin Unix, tana tallafa wa VAX, don haka mai dashe zai tarar da lambobin manhajar da zai duba idan ya maƙale, ko da yake dole ya yi haƙuri da jinkirinta.

Kowacce aka zaɓa, a tambayi mai sayarwa halin sashen wuta, domin tsofaffin kafasito, wato na'urorin da ke tara wuta, sukan lalace bayan shekaru a ajiye, kuma kunna injin kai tsaye yana iya ƙona allunan da samun madadinsu ke da wuya. A nemi injin da ke da katin SCSI na haɗa faifai, maimakon dogaro da faifan RL02 mai megabait 10 wanda ya tsufa. Kafin ciniki ya faɗa kuma, ya dace a gwada dashen a SIMH, manhajar kwaikwayo da Bob Supnik ya ƙirƙira, wadda take kwaikwayon PDP-11 da VAX duka, domin a tabbatar da samfurin injin da babbar manhajar take buƙata tun ba a biya kuɗin dakon injin ba.